Wane Dogon?

"Wane Dogon?" in ji mutumin ofis, bai ko ɗago kai daga wayarsa ba.

"Dogo nawa gare ku? Wanda ya yi wa ƙungiyar nan wasan ƙwallon kwando har gwiwoyinsa suka mutu. Maƙwabcina ne. Yana kwance, ko juyawa ba ya iya yi."

Ya yi dariya, ya nuna mini fili ta taga. Samari ne ke ta guje-guje, takalmansu na kuka a kan daɓe, kowanne kamar an ja shi an miƙe. "Iya, dubi can. Nan kowa Dogo ne."

Na faɗa masa sunan yanka. Ya taɓe baki, wai bai daɗe da kama aiki ba. In je bangon zaure in duba hotunan tsofaffin 'yan wasa, in na gan shi in dawo.

Ni ban yi makaranta ba, rubutun da ke ƙarƙashin hotunan bai ce mini komai ba. Na gaya masa haka. Bai motsa daga kujera ba. Sai na bi bangon nan da idona, kowane hoto in nemi wanda ya fi kowa tsawo a layin baya. Fuskoki iri-iri, babu tasa. Da na koma, mutumin ya ce, "Kin gani? Wataƙila tsohon naki labari yake ba ki."

Abin da na ce masa ba zan maimaita ba. Mai gadi ne ya raka ni ƙofa.

Bango ɗaya ne tsakanin ɗakina da na Dogo. Lokacin da ya tare, ba na ko gaishe shi, saboda ƙwallon nan da yake bugawa a jikin bango, dum, dum, dum, har kwanukana suna rawa. Na je in yi masa tas, na tarar yana zaune bakin gado, ƙafafu miƙe a kan kujera 'yar tsugunno saboda gadon ya yi masa kaɗan, yana jefa wa bango ƙwallo tana dawo masa.

"Ba ka da abin yi ne?"

"Iya, bangon nan kaɗai ya rage da in na ba shi yake maido mini."

Daga ranar na riƙa zuba masa abinci. Ya ce ya yi wasa a nan, aka ɗauke shi wata ƙasa mai sanyi, ya yi shekaru yana kwana a otal yana tashi a mota, har gwiwa ta ce ta gaji. Na tambaye shi ko shi ne mai jefawa a kwando. Ya ce a'a, shi ke rabawa. Shi ke ganin wanda ba a tsare ba, ya aika masa tun shi kansa bai san yana so ba. Na ce to ashe wasu ke cin tafi, kai kana cin gudu. Ya ce haka aikin yake.

Bai taɓa roƙona komai ba sai da ciwo ya kwantar da shi. Ko a nan bai ce su zo ba. Cewa ya yi, "Ko za ki leƙa ƙungiya ki ce musu ina nan?"

Da na dawo daga ƙungiyar ban ɓoye masa ba. Na ce na duba dogaye kaf, ba ka ciki. Sai ya fara dariya, tari ya sarƙe shi, na tallafo kansa.

"Iya, ai a can Gajere suke ce mini. Duk na fi su gajarta. A gaba nake, a tsugune, da ƙwallo."

"Kai da ka naɗa tsumma a saman ƙofa don kar ta fasa maka goshi, kai ne Gajere? Me ya hana ka faɗa mini?"

"Na manta akwai wanda bai sani ba."

Washegari da safe na ajiye masa ruwa kusa da hannu, na koma. Ban bi ta ofis ba. Na tsaya tsakiyar filinsu na buɗe murya: "Wa ya san Gajere a cikinku?"

Samarin suka tsaya suna kallona. Wani tsoho mai furfura, mai horar da su, usur ya faɗo masa daga baki. "Gajere? Yana garin nan? Mun ɗauka yana can waje!" Ko riga bai sake ba, ya tare mana mota. A hanya yana ta faɗi, wai rabin ƙwallayen da ya jefa a rayuwarsa daga hannun Gajere suka fito, wai ko bayansa ya juya sai ya ji ta a tafinsa.

Mun tarar da ƙofa yadda na bar ta. Ruwan ba a taɓa ba. Ƙwallon ta gangara ƙarƙashin kujera, hannunsa ɗaya na rataye a gefen gado. Tsohon ya sunkuya zai shiga, duk da haka sai da tsumman nan ya goge masa furfura. Ya kira shi sau ɗaya. Ya zauna a ƙasa kusa da takalman Dogo da kullum nake tsokana ina cewa kwale-kwale ne. Kusa da ƙafar tsohon, sai na ga ashe ƙanana ne.

Kowa ya ce kwana ne ya ƙare. Na sani, ba sai an koya mini ba. Amma da mutumin ofis ɗin nan ya tashi daga kujerarsa ya karanta suna ɗaya a bango, da tsohon ya same shi da rai, da ya mutu da hannun wani a nasa. Ba a barin mutum irin wannan ya tafi yana kallon bango.

Abin da nake nema ba shi da yawa. Mutumin ofis ya fito, ya tsaya da ƙafafunsa gaban hoton, ya karanta sunan da ƙarfi in ji, ya ce ya yi kuskure. Kullum ina zuwa ƙungiyar, har yau bai fito ba. In ya hango ni sai ya tura ƙofa. Mai gadi ya gaji da kora ta, yanzu shi ke ajiye mini kujera 'yar tsugunno.

Tsohon ya nuna mini hoton. Dogayen na baya suna kallon sama da kaina. Shi Dogo yana gaba a tsugune, tafinsa a kan ƙwallo, bakinsa a buɗe kamar zai kira wani. In na zauna, idona daidai nasa.