Ƙafar da Ta Riga Ta Taka Ƙasa

Gari bai gama wayewa ba, mata na ta shimfiɗa ɗanyun rassa a cikin tanti, ƙamshinsu ya gauraye da na dinyar da ke gasuwa a gefen wuta. Louisa ce kaɗai ta kasa jera ko reshe ɗaya daidai. Yau jikarta Naomi za ta yi fitar farko. Su mutanen ƙabilar Cree ba sa barin ƙafar jariri ta taɓa ƙasar waje sai ranar da aka sa masa kayan manya, ya fita ta ƙofar gabas da hudowar rana, dangi na kallo. Shekara guda cur 'yarta Darlene tana saɓe da yarinyar nan, daga ɗaki zuwa mota, daga mota zuwa asibiti.

Louisa kuwa ta riga ta ɓata komai. Mako uku da suka wuce Darlene ta bar mata yarinyar karo na farko, ganin Louisa ta yi wata tara ba ta kurɓi giya ba. Ita kuma ta sauke ta kan tsakuwar ƙofar gida. Taku uku Naomi ta yi ta faɗo jikinta, baiwar Allah har da tafi! Sai bayan kwana biyu ta ji mata suna zancen dokar a kanti, kunya ta rufe ta kamar ƙasa ta tsage ta shige.

To ina za ta sani? Tana shekara shida jirgi ya kwashe su, ita da sauran yara, zuwa makarantar kwana ta mishan. Can aka datse mata kitso, aka wanke mata baki da sabulu don ta yi yarensu. Ta dawo ta iya gyaran gado kamar soja, ta iya duka, kuma da waɗannan biyun ta reni Darlene.

* * *

"Louisa, wannan shimfiɗa ce ko sheƙar hankaka?" in ji tsohuwa Juliet, mai jagorancin bikin.

Mata suka kwashe da dariya. Louisa ta san in ta faɗa, mai yiwuwa ba za a sake ba ta riƙon yarinyar ba. Duk da haka maganar ta ƙi zama a ciki.

"Yaya Juliet, ta riga ta taka ƙasa. Ni na sauke ta."

Darlene ta saki igiyar takalmin fatar da take ɗaura wa Naomi.

"Mama, me kika ce? Shekara guda bayana na ciwo! Abu ɗaya na ce zan yi mata daidai, ɗaya tak!"

"Ban sani ba."

"Ki tambaya mana!"

"Da furfurar nan tawa? In ce ban san abin da kowace uwa ta sani ba?"

Juliet ta yi tsaki. "Wace kowace uwa? Darlene, kin gan ni ina ta iyayi? Gadona na jikin na uwarki a makarantar nan. Ina da shekara hamsin na je na durƙusa gaban wata tsohuwa ina tambaya kamar sakara. 'Ya'yana biyar duk a kan kwalta suka koyi tafiya."

"Nawa a bakin mashaya," in ji wata daga baya.

Dariya ta taso, ta mutu a hanya. Kowa ya sunkuyar da kai.

"Tsakuwa ta ga takunta, mu ba mu gani ba," in ji Juliet. "Za ta fita. Ku ɗaga ƙofa."

* * *

Naomi ta fita tana tangaɗi, ɗan gatarin katako a hannu, ƙunshin rassa a baya, uwarta na riƙe da ita. Suka zagaya ƙaramar bishiyar da aka kafa, suka dawo. Saura kaka ta karɓi ƙunshin, ta sumbaci yarinya.

Darlene ta tsaya a bakin ƙofa ta daɗe. Can ta saki hannun yarinyar.

Louisa ta karɓi rassan. Ta sunkuya, ta rasa ta ina ake farawa, don ko Darlene ba ta taɓa sumbata ba, goshinta ya ƙume na yarinyar kafin bakinta ya sami kunci. Da ta ɗago sai ta ga Darlene, uwa mai shekara talatin da huɗu, ta zuba wa bakinta ido kamar yaro mai kallon abincin wani.