Ragin Auta

Mai Kati mutum ne da bai taɓa sayen abu a farashin da aka faɗa masa ba. Ko allura ce sai ya taya. Shi ya sa ranar da Auta, 'yarsa, ta gaya masa cewa manhajar zana katin gayyata ana sayar wa ɗalibai a rabin kuɗi, ya ji jami'a ta fara yi masa rana. Da sunanta aka saya, aka saka a kwamfutar shago. Kullum ta taso daga lacca sai ta zauna a kujerar nan mai karyayyen hannu tana zane, shi kuwa yana bakin ƙofa yana ciniki, yana ce wa mutane, "Aikin hannuna ne."

Da ta gama digiri ta ce tana son yin na biyu a wata jami'a mai nisa, sai ya kafe. Karatu ya isa haka, in ji shi.

Ana nan, wata safiya manhajar ta ƙi buɗewa. Wai sai an kawo shaidar cewa mai ita har yanzu ɗaliba ce, in ba haka ba a biya cikakken kuɗi. Ga katunan mutane jibge ba a gama ba.

"Wannan ai zalunci ne!" in ji Mai Kati. "Jiya yarinya tana da gata, yau don ta ci jarrabawa sai a hukunta ta?"

"Baba, dama ragin na masu karatu ne," in ji Auta a hankali.

"To wa ya ce kin gama?"

Matarsa ta yi ƙoƙarin nuna masa cewa kuɗin makarantar ya ninka na manhajar nesa ba kusa ba. Ya ɗaga mata hannu.

"Ke ba ki san kasuwa ba. In ta zauna cikakken kuɗi zan biya, in ta tafi kuwa ragi za a yi mini."

Ta dubi Auta, Auta ta dubi ƙasa.

Da kansa ya kai ta tasha, har da ɗaukar mata akwati. Ba a yi mako ba ta kira ta ce ta tura shaidar, manhaja ta buɗe. Daɗi ya kashe shi. Ya ci kamfanin Turawa da wayo.

Ya ja kujerar ya zauna, ya gyara tabarau. Allon ya cika da 'yan alamomi birjik, kowace da irin siffarta. Ya taɓa ɗaya, sunan ango ya kife. Ya taɓa wata, amarya ta ɓace gaba ɗaya.

Mutumin da ya kawo aikin katin, wanda ke tsaye a kansa tun ɗazu, ya yi gyaran murya.

"Malam, ina yarinyar nan da ke yi mana aikin?"

Mai Kati ya dubi allon, kewarta ta taso masa.

"Tana makaranta," ya ce. "Ni na tura ta."