Malamar da Ta Yi Magana a Tsaye

Yayata Fuatino ba ta san ja da baya ba. Tun muna yara, in ta ce sai ta hau bishiyar kwakwa, to sai dai a tanadi mai gyaran targaɗe. Shi ya sa da aka ce ita ce 'yar Samoa ta farko da za ta koyar da yara ta talabijin, ban yi mamaki ba.

A lokacin shekara guda ke nan da raba wa makarantu akwatunan talabijin. Daga Pago Pago, babban birnin tsibirinmu, ake watso darasi kai tsaye, mu malaman ƙauye namu mu kunna, mu tsare yara. Turawa ne kaɗai ke fitowa. Namu akwatin can saman ginshiƙi aka ɗaure shi.

Ranar Litinin da za ta fara, Baffa Tuiolo, wan mahaifinmu kuma shugaban dattawan ƙauye, ya zo da dattawa shida, suka tanƙwashe ƙafa a bayan yara. Sai ga Yaya ta bayyana cikin akwatin a tsaye ƙiƙam, da sanda a hannu, ta nuno mu ta ce, "Ku na baya, ban ji muryarku ba!"

A wurinmu ba a yi wa babba magana a tsaye cikin gida, ko giftawa za ka yi sai ka rusuna. Bature an yi masa uzuri, ba a haife shi kan tabarma ba. Amma 'yar gida?

"Lagi," in ji Baffa yana kallona, "waccan ta saman kanmu 'yar wa ce?"

"Haba Baffa, Yaya ce fa. Ba ta ganinku ne."

"Mu muna ganinta. Ni ba ni da 'yar da ke mini magana daga sama. Ran Juma'a a mai da akwatin nan inda ya fito."

Laraba na hau mota na kai mata labari. Shugabanta, Mista Brandt, mutumin kirki ne, sai dai a al'adarmu ko bihim bai sani ba. Ya ce in ƙauyenta ya mai da akwati saura ma za su bi, don haka dole ya cire ta ya sa Baturiya. Ta roƙa a bar ta ta koyar a zaune, ya ce allo ba zai fito ba.

Ta rako ni bakin titi, ta ce, "Tabarmar Kaka tana nan?"

Lallausar tabarmar da muka gada take nufi, irin wadda mai babban laifi ke lulluɓa da ita ya zauna ƙofar wanda ya ɓata wa, ba ci ba motsi, sai shi mai gidan ya ɗaga da hannunsa.

"Yaya, kisan kai kika yi?"

"Ke dai aiko mini da ita. Ki sauko da akwatin ƙasa, kuma ki tabbata tarhon gidan fasto na aiki. In aka cire ni, Lagi, sai 'ya'yanmu sun yi furfura kafin a sake sa ɗan ƙasa."

Juma'a da safe dattawa suka zo ganin an fitar da akwati, suka tarar da shi a ƙasa. Na durƙusa na ce a bar yara su yi darasin ƙarshe. Baffa ya ɗaga haɓa alamar yarda, na kunna.

Babu allo, babu sanda. Mutum ne zaune a ƙasa, lulluɓe da tabarma, ƙarƙashin fitilun nan masu zafi kamar ramin gashin gwaza. Yatsun ƙafa kawai suka leƙo. Daga baya na ji Mista Brandt ya so katse shirin, sai ya ga duk ma'aikatansa 'yan ƙasa sun zube a ƙasa, ban da mai kyamara.

Minti biyar suka wuce. Tausayinta ya kama ni, haushinta ma ya kama ni, don duk makarantun tsibirin na kallo. In Baffa ya tashi ya tafi, ba aiki kaɗai ta rasa ba, har da fuskar shiga mutane.

"Tabarmar uwata ce," in ji Baffa a hankali. "Yarinyar nan mai taurin kai! Wa ta kashe?"

Wani dattijo ya ce, "Ai taurin kan nan gado ta yi, ranka ya daɗe."

Minti goma. Gumi ya fara ɗiga kan yatsunta. Baffa ya ja jiki a zaune, ya ratsa yara har gaban akwatin, ya miƙa hannu zai kama bakin tabarmar. Yatsunsa suka daki gilashi. Ya sake gwadawa ta ɗaya gefen. Ba yaron da ya yi dariya. Ya juyo, idonsa ya kaɗa ya yi ja.

"Lagi, ba na iya kaiwa gare ta. Ruga ki ce wa Baturen nan ya ara mini hannunsa."

Ban san ina da gudu ba sai ranar. Na buga wa Mista Brandt tarho a gidan fasto, ina dawowa sai ga wani farin hannu ya shigo hoton, ya yaye tabarmar. Yaya ta fito sharkaf, ba ta miƙe ba. Ta sunkuyar da kai ta gai da dattawan ƙauyenmu ɗaya bayan ɗaya, kowa da sarautarsa. Sannan ta jawo ƙaramin allo ta ɗora kan gwiwa, ya kuwa fito raɗau. Haka ta koyar shekara goma sha tara, a zaune.

Ranar dai, tana cewa "Yara, jiya mun tsaya a ina?" aji ya kaure da surutu. Baffa ya buga ƙasa da tafin hannu.

"Kai, ku yi mini shiru! 'Yata na magana."