Hannun Daman Jabez

Keziah Polglase ta yi jego, ta wanke gawar surukarta, ta feɗe raguna ba adadi, amma ba ta taɓa ganin abin da ya tayar mata da zuciya irin hannun hagun mijinta ba.

Jabez mai hoto ne a Moonta, garin masu haƙar tagulla. Shekarar da labarin sabon hasken nan mai ratsa jiki ya iso daga Jamus, sai ya aika birnin Adelaide aka kawo masa ƙwan gilashi mai fitar da hasken, ya haɗa shi da batir da naɗin waya a ɗakin baya. Mahaƙa suka riƙa zuwa a duba musu karaya, ko ɓarɓashin ƙarfe da ya nutse cikin tsoka. To, shi ƙwan nan halin tsiya gare shi, yau haskensa ya yi kaifi, gobe ya yi sanyi. Saboda haka kullum safiya, kamar yadda duk 'yan sana'ar ke yi, Jabez zai kunna shi, ya kara hannun hagu, ya leƙa ta wani akwatin kwali har sai ya ga ƙasusuwansa sun fito yadda yake so. Gwajin ke nan.

Da fari hannun ja kawai ya yi. Sai gashin ya zube. Sai fatar ta tsattsage tana tsatsafo wani ruwa rawaya-rawaya, mai wari kamar naman da aka manta a rana cikin zafin Janairu, watan bazarar ƙasarsu. Ƙudaje har coci suke raka shi. Ranar da Keziah ta tsinci farcensa guda, ɗungurungum, a ƙasan kwanon wanke hannu, sai da ta ruga bayan gida ta amayar da karin kumallonta.

Shi kuwa gogan cewa yake ruwan wankin hoto ne ya ci shi, a ci gaba da shafa kitsen tunkiya. Ta ce tun kafin su yi aure yake tsoma hannu biyu a ruwan nan, me ya sa hagun kaɗai ya ruɓe? Ya ce ba ta san kimiyya ba. Ita dai ke kwance tsummar da ake naɗe hannun da ita kullum, tana ɓamɓaro ta daga miki, fuska a kauce, numfashi a riƙe.

Wata safiya ta kai masa shayi, ta same shi yana naɗe hannun rigarsa na dama.

"Maigida, me kake shirin yi?"

"Hagun ya kumbura, ba na ganin komai ta cikinsa."

"Wato ɗayan ma za ka dafa. To wa zai riƙa ɗaura maka wando? Ni dai na gama reno."

Ya yi dariya, ya ce uwargida ta fi likita sani. Ita ba ta yi dariya ba. Da hannun daman nan yake saita kyamara, da shi yake cin abinci. In shi ma ya tafi, ba sana'a, ba mutum, sai tsumma biyu da za ta riƙa wankewa.

Ta je mahauta ta sayo ƙafar tunkiya ta ajiye masa, ta ce ga ƙashi, ya yi ta leƙe. Ya jarraba, ya ture. Wai bai san ƙashin tunkiya ba. Yatsunsa ya sani, gaɓa-gaɓa, da kallo ɗaya zai gane ko hasken ya yi daidai. Da ƙyar ta sa ya yi mata alkawarin ba zai kunna ƙwan ba sai likita ya ga hagun.

Likita bai ɓata lokaci ba. Ya kwance tsummar, ya ja da baya, ya ce yatsu biyu sun mutu, yau za a cire. A kan teburin girkinta aka yi, bayan an shaƙa wa Jabez maganin barci. Keziah ce ta riƙe tasa. Abubuwan suka faɗo ciki ɗaya bayan ɗaya, baƙi ƙirin, a murɗe.

Da Jabez ya fara farfaɗowa, bai tambayi matarsa ba, bai tambayi hannunsa ba. Cikin magagi ya ce kada a bar ƙura ta hau ƙwan, ranar Litinin akwai mai karayar gwiwa, zai gwada da dama.

Likita ya miƙa hannu zai karɓi tasar ya kai a binne. Keziah ta riƙe gam.

"Bar mini su, likita."

"Baiwar Allah, me za ki yi da su?"

"Maigidana ya ce su ya sani."

Ta kankare abin da zai kankaru, yawu na cika mata baki tana tofarwa. Ta turbuɗa yatsun cikin gishiri kamar yadda take wa nama, ta shanya a kan rufin kwano inda kyanwa ba ta kaiwa. Da suka bushe ta ɗaure su da zare a kan doguwar sanda.

Ranar Litinin ta miƙa masa. Ya juya sandar, ya kara, ya leƙa, ya daɗe yana leƙe. Ya ce wallahi sun fi fitowa tsaf yanzu da ba nama. Hannun damansa na can nesa, a ƙarshen sandar.

Keziah ta fita ta wanke hannuwanta da sabulu da toka har suka yi ja. Tasar kuwa, ta jefa ta cikin tsohon ramin haƙa.