Ruwan Wanke Mafarki

"Sassauta igiyar nan, Dilia! So kike ki raba ni biyu?"

Muryar Kawu Evaristo ce daga ƙasan rijiya. Dilia ta sassauta kaɗan, amma ba ta saki ba. Igiyar a ƙugunsa take ɗaure, tafin hannunta kuwa ya jiƙe sharkaf da gumi. Kusa da ita Zenobia, matar tsohon, tana jan guga tana juyewa a jarka.

"Kawu, ka fito haka nan. Wanda muka samu ya isa."

"Ya ishi wa? Ɗan akuya? Ke kika yi mafarkin, ke kuma za ki yi mini rowar ruwa!"

Gaskiyarsa, ita ta yi mafarkin. Marigayiya kakarta ce ta zo mata, ta nuna mata maƙwabcinsu Evaristo kwance a sabuwar ragar lilo irin wadda suke kwana a ciki, an lulluɓe masa fuska. 'Yan ƙabilarsu ta Wayuu ba sa danne irin wannan mafarki, don haka gari na wayewa ta je ta faɗa masa. Maganin kuwa kowa ya san shi: a kwarara wa mutum ruwan sanyi mai yawa tun daga ka har ƙafa kafin rana ta faɗi, mugun abu ya bi ruwa ya tafi.

To, ina ruwan yake? Tun da masu haƙar kwal suka karkatar da rafi, gadonsa ya koma yashi zalla. Kududdufin unguwa baƙar ƙura ta yi masa marfi, awakin da suka sha duk cikinsu ya kumbura. Tankar ruwa labarinta kawai ake ji. Samari sun tafi garin Maicao neman aiki. Saura wannan rijiya da Evaristo ya haƙa a gadon rafin, wadda kullum sai an ƙara mata zurfi, don ruwan gudu yake yi ƙasa. Da Zenobia ta ce a jira a samo mai shiga, tsohon dariya ya yi, ya ce wa ya taɓa aiken wani ya yi masa wanka? Kunnen ƙashi gare shi tun yana saurayi.

Dilia ta dubi inuwarta. Inuwar ta kusa shigewa ƙarƙashin ƙafarta. Da tsakar rana ake tashin nakiya a ramin kwal, kuma in ta tashi har kofunan da ke rataye a rumfa sai sun yi ƙara.

"Kawu, rana ta take! Yanzu za su fasa!"

"Su fasa mana. Kafin a haifi ubansu nake haƙa a nan."

"Fito, tsohon banza," in ji Zenobia. "Ko da rabin guga zan wanke ka."

"Saura ɗaya. Ga shi yana tsattsafowa, sanyi ƙalau."

Ƙarar nakiyar ba ta da yawa, kamar an rufe ƙofa mai nauyi can nesa. Dilia a tafin ƙafarta ta ji ta. Sai yashin bakin rijiyar ya fara zirara, siriri, sannan gefe guda ya zaftare gaba ɗaya, ya binne tsohon.

Ta ja igiya iya ƙarfinta. Zenobia ta kama, suka ja tare har fatar hannunsu ta saɓule, igiya ko gezau. Suka durƙusa suna tono da hannu, suna kiran sunansa, in sun kwashe tafi guda biyu su zubo. Dilia ta kafa kunne a yashi mai zafi. Bugun zuciyarta kaɗai ta ji.

Sai da rana ta yi sanyi mazan unguwar gaba suka fito da shi da shebur. Yashi ya cika masa baki da gashin ido. Mata suka ɗauke shi zuwa bayan rumfa, tun da su ke wanke mamaci. Zenobia da kanta ta jawo jarkar. "Nasa ne," in ji ta. "Ku zuba duka." Dilia ta riƙe masa kai, tana kuka tana jin tsoron hannuwanta da suka kasa fito da shi.

Washegari tana zaune a ragarta sai ga Zenobia, fuska a rufe da mayafin makoki. Ta tsaya bakin rumfa ta yi gaisuwar da Wayuu ke yi kowace safiya.

"Yaya mafarkinki?"

Kakar ta sake zuwa mata cikin dare. Wannan karon ragar da ta nuna ƙarama ce, daidai tsawon Yolima, 'yar Dilia tilo. Dilia ta buɗe baki, ta tuna rijiyar ta cike, ta tuna abin da faɗar jiya ta jawo. Yin shiru ma ba ta san abin da zai jawo ba.

"Ban ga komai ba, Inna."

Zenobia ta daɗe tana kallonta, sannan ta juya. A tsakar gida Yolima tana tsugune, tana ɗura wa 'yar tsanarta ta yumɓu yashi a baki, wai ruwa take ba ta.