Albam Biyu, Maƙogwaro Ɗaya

Shekara goma sha ɗaya tana aiki a situdiyon da ke saman shagon masu gyaran waya, har sunanta na yanka ya ɓace, kowa sai Anti Amshi. Aikin kuwa ya wuce amshi. Idan aka rubuta sabuwar waƙa, ita ke fara shiga ɗakin ɗaukar murya ta rera ta tun daga farko har ƙarshe, a tura wa mai waƙar ta yi ta saurare a mota har ta haddace. Shimfiɗa suke ce wa wannan. Bisa ƙa'ida, da zarar mai waƙa ta zo ta ɗora muryarta, sai a goge shimfiɗar.

Bisa ƙa'ida fa na ce. Walƙiya, wadda hotonta ke manne a bayan motocin haya, yarinya ce kyakkyawa mai iya rawa, amma in waƙa ta hau sama sai muryarta ta tsaya a ƙasa tana jiran ta dawo. Injiniya, mai ɗaukar murya a situdiyon, ya gaji da "a sake, a sake", wata rana ya bar shimfiɗar Anti a duk inda waƙa ta yi tudu, ya dusashe muryar Walƙiya a ƙarƙashi. Ya sa Anti ta rantse ba za ta faɗa ba, ita kuma ta riƙe, ko mahaifiyarta ba ta gaya wa ba. Albam huɗu aka yi a haka. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Anti kuwa, nata albam ɗin shekara biyu ta yi tana haɗa shi, da sassafe kafin masu suna su tashi daga barci. Waƙa tara. Abin da take so bai taka kara ya karya ba: a ji muryar nan a ce tata ce. Sai ya fito a wata ɗaya da albam na biyar na Walƙiya.

Ranar Asabar da hantsi akwai shirin rediyo da ake auna sababbin waƙoƙi. Ta zauna a ɗakin Mama, bakin gado, rediyon na kan taga, murfin batirinsa ɗaure da roba. Mama na ninke wanki.

Mai sharhin ya fara da Walƙiya, bai kuma raga mata ba. Ya ce kalmominta ba nama, waƙa uku kiɗansu ɗaya, ta bakwai kuwa da an bar ta a situdiyo da ba wanda zai yi cigiya. "Amma muryar nan, jama'a! Ku saurari inda take hawa, da ɗan kaushin nan, da yadda take jan numfashi kafin kalmar ƙarshe. Wannan ba koyo ba ne, baiwa ce."

Anti ta sunkuyar da kai. Kaushin nan ta san ranar da ta same shi, mura ce da ta ƙi jin magani shekara takwas da suka wuce.

Mai sharhin ya juyo kan nata albam ɗin. Ya yabi rubutun, ya ce waƙar da ta yi kan layin jiran likita ta fi duk abin da Walƙiya ta taɓa rerawa ma'ana. Ya ce ganga ta danne waƙa ta biyu, hoton bango kuma kamar na katin shaida. Duk wannan ta yarda. Sai ya gyara murya.

"Babban aibin shi ne kwaikwayo. Baiwar Allahn nan ta haɗiye Walƙiya ɗungurungum, har inda take jan numfashi nan take ja. Mace da shekarunta, ta tsaya tana aron bakin yarinya? Walƙiya takwas cikin goma. Wannan, huɗu, su ma don rubutun."

Ba ta jira Mama ta ce komai ba, ta zura takalmi ta fita. Haushi ya hana ta tsayar da mota, da ƙafa ta je.

Ta tarar da Injiniya gaban kwamfuta, abin sauraro rataye a wuya. Kallo ɗaya ya yi mata ta san ya ji shirin.

"Ka kira 'yan rediyon ka faɗa musu," in ji ta. "Ko ka ba ni shimfiɗun in kai musu da kaina."

"Haba Anti. In na buɗe baki, wa zai ƙara hawo benen nan? Ni da ke duk sai mu koma gyaran waya a ƙasa."

"Ni ban ce ka tona kowa ba. Muryata nake nema."

Ya juyo mata da allon. Layi-layi na sauti, kore da shuɗi, kowanne da suna a gefe. Ya nuna da bayan biro. Don kada manajan Walƙiya ya leƙo ya yi tambaya, tun albam na farko yake sauya wa shimfiɗar suna. Ga su nan a jere: Walƙiya 2, Walƙiya 2, Walƙiya 2.

"Ko na ba ki, sunanta ne a kai," ya ce. "Shawara ɗaya ce, a na gaba ki ɗan sauya murya, ki sauko ƙasa, kada a sake cewa kin yi kama da ita." Ya sosa ƙeya. "Af, jibi akwai shimfiɗa biyu, manaja ya ce da wuri."

Ta tsane shi a lokacin, ta fi tsanar kanta da ta san jibin za ta zo.

Da ta koma gida Mama ta gama ninki, ta kashe rediyon ta rufe shi da ƙyalle. Anti ta zauna a ƙasa kusa da ƙafafunta, ta lalubo waƙar Walƙiya a waya, ta kai daidai inda take hawa, ta kanga mata a kunne. Duk duniya in akwai mai ganewa, matar da ta ji kukanta na farko ce.

"Mama, muryar wa ce wannan?"

Mama ta lumshe ido tana gyaɗa kai. "Ta yarinyar nan ce mana. Kin ji ko, ita ba ta wahala, abin fita yake yi kawai." Ta dafa mata kafaɗa. "Ki yi haƙuri da maganar mutumin nan, amma akwai gaskiya a ciki. Ke ma Allah ya ba ki taki. Ki rabu da ta mutane."

"Ni ce, Mama. Duk inda ta hau, ni ce."

Mama ta buɗe ido ta dube ta, duban tausayi, wanda ya fi zagi ciwo.

"Haba 'yar nan," ta ce a hankali. "Komai zafin abu, kada ki fara ƙarya."