Katin Wayar Inna Kulu

Zailani ne ya saya wa mahaifiyarsa Inna Kulu wayar, wata shida bayan rasuwar yayansa Abdulhafiz. Ƙaramar waya ce mai maɓallai, irin wadda caji ke kwana uku a cikinta. Ya yi rajistar layin da sunansa, ya kai mata har ɗakinta a unguwar Muchia, ya nuna mata koren maɓalli da ja. Shi yana Samaru da iyalinsa, yana aiki a ɗakin gwajin ƙasa na cibiyar binciken noma, kuma ba kullum yake samun tsallako gadar Kwangila ba. Duk sati biyu yakan tura mata katin naira dubu. Tsohuwar da ba ta kiran kowa sai shi da ƙanwarta da ke Giwa, ya ga wannan ya ishe ta har da saura.

Wadda ke zaune da Inna Kulu ita ce Safiyatu, matar marigayin. Da ta gama takaba iyayenta suka zo daga Zabi za su tafi da ita, ta roƙe su su bar ta tukuna. Ba su haihu da Abdulhafiz ba, balle a ce 'ya'ya ne suka riƙe ta. Ta dai ce shekara tara tana ba Inna maganin hawan jini da hannunta, ba ta san wanda zai ci gaba ba in ta tafi. Ita ke dafa mata abinci marar gishiri, ita ke raka ta banɗaki. Wayarta ta faɗa bahon wanki tun kafin azumi, ba ta samu ta gyara ba, don haka ta Inna ce kaɗai waya a gidan.

Tun watan farko kati ya fara ƙarewa kafin lokaci. Zailani zai kira, Inna ta ce, "Na so in neme ka jiya, matar nan ta cikin waya ta ce babu kuɗi." Sai ya sake turawa. Da abin ya yi ta maimaituwa ya tambayi Safiyatu, ta ce ita ma abin yana ba ta mamaki. Ya dai riƙe abin a ransa.

Ranar wata Alhamis da safe Inna ta yanke jiki ta faɗi a ƙofar banɗaki. Safiyatu ta ɗauki waya ta danna lambarsa, aka ce babu kuɗi. Ta fita ba takalmi ta buga ƙofar maƙwabciyarsu Rhoda, wadda ake kira Maman Happiness. Ita ce ta kira Zailani, mijinta kuma ya ɗauke su a motarsa zuwa asibitin Shika.

Lokacin da Zailani ya iso an riga an sa wa Inna ruwa. Ya tarar da Safiyatu a baranda tare da Rhoda da wasu mata biyu na layinsu da suka biyo baya. Rhoda ta ce masa Allah ne ya kiyaye, da an ƙara jinkiri da wani labarin ake yi.

"Me ya sa ba a kira ni tun farko ba?"

"Babu kati a wayar," in ji Safiyatu.

"Babu kati? Kwana goma ke nan da na tura dubu. Kira nawa Inna ta yi? Anti Safiya, wa kike kira da wayar nan?"

"Zailani, ni ban..."

"In kin samu wanda za ki aura ne, ki faɗa mana a ɗaura, babu mai hana ki. Amma kada ki riƙa hira da shi da kuɗin da na saka saboda ran uwata."

Ɗaya daga cikin matan ta sunkuyar da kai, ɗayar kuma ta ƙura wa Safiyatu ido. Rhoda ta ce, "Haba, Malam Zailani." Safiyatu ta gyara mayafinta, ta ɗauki fulas ɗin ruwan zafi, ta koma ciki wajen Inna.

Kwana huɗu suka yi a asibiti, Safiyatu ce ta yi jinyar. Ranar da aka sallame su ta kai Inna gida, ta gyara mata shimfiɗa, ta jera magunguna a faranti, ta rubuta lokacin shan kowanne a jikin kwali. Sannan ta ɗaure kayanta ta tafi Zabi. Inna ta yi kuka, ta tambayi ɗanta abin da ya faru. Ya ce mata ai dama ba za ta zauna har abada ba.

Dole ya kwaso Inna zuwa Samaru, aka ba ta ɗakin yara. Ya tura kati a wayarta kamar yadda ya saba. Yanzu wayar tana ƙarƙashin matashinta, babu mai taɓawa. Ana kwana goma sha ɗaya ta miƙo masa ita ta ce ya duba, tana son gaida ƙanwarta an ce babu kuɗi. Ya duba. Naira goma sha biyu ce ta rage. Kira biyu kawai ta yi, kowanne bai kai minti uku ba.

Safiyatu kuwa tana can Zabi.

Ya fara kiran lambar da kamfanin ya ware don koke. Aka ce ya danna ɗaya, ya danna. Aka ce ya danna huɗu, ya danna. Aka sa masa kiɗa, wata murya tana katsewa tana cewa kiransa yana da muhimmanci a wurinsu. Bayan minti ashirin layin ya yanke. Sau uku yana yi a ranar.

Washegari ya nemi izini a wurin aiki ya tafi ofishin kamfanin a Sabon Gari. Maigadi ya ba shi ƙaramar takarda mai lamba tamanin da bakwai, ana kan ta talatin da ɗaya. Kujerun ciki sun cika, saura suna tsaye a rana. Na kusa da shi wani mai sayar da kayan gyaran mota ne da aka rufe wa layi sati biyu, yana ta faɗa da Turancin kasuwa. Ana gab da azahar wani ya leƙo ya ce na'urarsu ta tsaya, kowa ya dawo gobe.

Zuwa na biyu ya samu shiga. Ma'aikacin da ya samu, wanda aka rubuta Martins a ƙirjin rigarsa, ko ɗago kai bai yi ba.

"Wani abu aka shiga a layin. Danna wannan lambar ka fita." Ya rubuta a guntun takarda ya turo.

"Wane abu? Wa ya shiga? Yaushe?"

"Oga, ni ba na ganin wannan a nan. Na gaba!"

A waje ya danna lambar, aka ce an samu matsala, ya sake gwadawa an jima. Ya koma zai shiga, maigadi ya ce sai ya karɓi sabuwar lamba.

Abokin aikinsa ya ce masa ya jefar da layin ya sayi wani, ba a shari'a da kamfanin waya. Zailani ya ce a'a. Ba kuɗin ne ya dame shi ba. So yake wani ya ce masa ga kiraye-kirayen da aka yi, ga wata baƙuwar lamba da aka daɗe ana magana da ita a watannin baya. Ya san abin da yake fata ke nan, kuma yana jin kunyar fatan.

Zuwa na uku ya faɗa hannun wata mata mai suna Nwamaka, haifaffiyar Sabon Gari, Hausarta tas. Ta karɓi katin shaidarsa, ta ga sunansa ne a layin, ta juyo masa da fuskar kwamfutar.

"Abu uku ke cin kuɗin. Akwai wasan kacici-kacici, naira talatin kullum. Akwai waƙar da mai kira ke ji, ɗari duk sati. Waɗannan biyun ban ga inda aka nema ba, haɗo su aka yi da wanda aka fara shiga. Na farkon shi ne sakamakon wasan ƙwallo, hamsin kullum."

"Ƙwallo? Wayar tsohuwa ce fa."

"To, daga wayar aka danna amincewa. Ga shi nan, sha huɗu ga Maris, ƙarfe biyar da kwata na yamma. Ranar da aka buɗe layin ma ke nan."

Zailani ya sake duban kwanan watan. Ya tuna ranar sarai. Yana zaune a bakin gadon Inna yana saka mata lambobi, tasa wayar ta mutu babu caji, ƙungiyar da yake goya wa baya kuma tana wasa. Sai saƙo ya faɗo a sabuwar wayar: sakamakon ƙwallo kyauta na kwana bakwai, danna ɗaya. Ya danna. Ya ga an ci su biyu da nema, ya yi tsaki, ya miƙa wa Inna wayarta. Ya kuma tuna wata rana da Safiyatu ta ce masa wasu saƙonnin Turanci na ƙwallo suna ta shigowa, ko zai duba. Yana ɗaure hular kwano ya ce mata talla ce, ta riƙa gogewa.

"Kiran da aka yi fa?" ya tambaya, muryarsa ta yi ƙasa.

Nwamaka ta gangara da shafin. Lambarsa ce, sai ta Giwa, sai ta wani kantin magani sau biyu. Sai wata lamba guda da aka kira sau ɗaya a wata, minti biyu ko uku. Ya gane ta. Ta mahaifin Safiyatu ce.

"Na cire duka ukun," in ji Nwamaka. "Maganar mayar da kuɗi, zan shigar da koke, amma gaskiya kada ka sa rai. Za su ce an amince. Malam, lafiya? In kawo maka ruwa?"

Ya ce ta dai buga masa takardar. Ta ce ba a yarda su bayar ba. Ta dube shi, ta dubi ƙofar manaja, ta buga, ta ninke ta tura masa a ƙarƙashin katin shaidarsa.

Kwana biyu takardar tana aljihunsa bai gaya wa kowa ba. Ya yi ta gaya wa kansa cewa biyu daga cikin ukun laifin kamfani ne, kuma ko na farkon ma yaudararsa aka yi, kyauta aka ce. Duk gaskiya ne. Amma ba kamfani ne ya buɗe baki a barandar asibiti ba. A rana ta uku ya gaya wa Inna. Ta saurare shi har ƙarshe, har da abin da ya faɗa a Shika, wanda sai a ranar ta ji.

"Yarinyar da ta wanke ni da hannunta," in ji ta. Ta juya fuskarta bango. Ranar ba ta ci abincin rana ba.

Ranar Asabar ya tafi Zabi. Mahaifin Safiyatu, Malam Umar Farouk, ya karɓe shi a zaure, suka gaisa, ya aika a kira ta. Ta zo ta durƙusa daga bakin ƙofa. Zailani ya fito da takardar ya fara bayanin hamsin da talatin da ɗari, sai ya gane kare kansa yake yi. Ya ajiye takardar.

"Anti Safiya, ni ne na danna. Ni na jawo, kuma na ɗora miki. Na yi miki ƙazafi a gaban mutane. Ki yafe mini don Allah."

Safiyatu ta ɗago ta dube shi.

"Na yafe maka tun muna asibiti, saboda Inna da kuma yayanka. Amma ka san abin da ake faɗa a Muchia yanzu? Cewa ake ina da wani tun Abdulhafiz yana kwance. Har nan maganar ta iso, Baba ya ji ta a masallaci." Malam Umar Farouk bai ɗago ba. "Ni ba takarda nake buƙata ba, na san abin da na yi da wanda ban yi ba. A gaban mutane ka faɗa. Ka je ka warware a gabansu."

Ya je. Ya fara da gidan Rhoda, ya roƙe ta ta kira sauran matan biyu. Ya tsaya a tsakar gidanta, yara suna leƙe, ya faɗi komai ba tare da ya rage ba. Rhoda ta ce ta gode wa Allah, ita dama ba ta taɓa yarda ba. Ɗaya matar ta ce ai ita ba ta gaya wa kowa ba, sai dai mutum ɗaya. Ya samu limamin layin bayan la'asar ya gaya masa shi ma. Yana fita yana sane cewa waɗanda suka ji maganar farko sun ninka waɗanda za su ji ta biyu.

Safiyatu ba ta dawo ba. Ta samu aikin koyarwa a wata makarantar Islamiyya kusa da gidansu, kuma Zailani bai ga fuskar da zai roƙe ta da ita ba. Inna ta ci gaba da zama a Samaru, a ɗakin da ba nata ba, tana ƙorafin cewa ba ta san kowa a unguwar ba. An kulle gidan Muchia.

Duk Juma'a Safiyatu takan hau keke napep ta zo da kunun gyaɗa a fulas, ta yanke wa Inna farce, ta duba ko ana ba ta magani a kan lokaci. Da can ita da Zailani ba sa haɗuwa ba ta tsokane shi ba, irin wasan matar wa da ƙanin miji. Yanzu in ta same shi a gida sai ta ce, "Ina wuni, Malam Zailani," ya amsa, ta wuce ciki. Wata Juma'a ya ce zai kai ta bakin titi a babur saboda hadari ya haɗo. Ta ce ya bar shi, ta gode, tana da lema.